Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna a Ziyararsa ta Ganin Sabuwar Tashar Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa ta Giza, Alƙahira

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Gwamna, masu girma kwamishinoni da injiniyoyin da suka rufa masa baya, malamanmu da iyayenmu mazauna wannan birni, 'yan'uwana ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, a madadin ɗalibai da 'yan kasuwa da sauran 'yan'uwa na Nijeriya da Nijar da ke zaune a Alƙahira, ina yi maka barka da zuwa, barka da sauka, sannu da hanya. Mun san kwanakinka a nan ƙididdigaggu ne, amma duk da haka ka ware wannan yammaci ka zo ka zauna da 'ya'yanka, ka ga fuskokinmu, ka ji daga bakinmu. Iyayenmu da ke gida za su ji wannan labari, kuma zai sanyaya musu rai. Allah ya saka da alheri.

An shaida mana cewa gobe da safe za a kai ka Giza, inda ake gina sabuwar tashar ƙarƙashin ƙasa ta Layi na 4 na jirgin cikin gari, wanda Misirawa ke kira mitiro. Injiniyoyin da za su tarbe ka sun fi mu sanin lissafi da zane. Mu kuma fasinjoji ne, da shi muke zuwa makaranta, da shi muke zuwa asibiti da kasuwa. Don haka muke neman izini mu faɗi abin da mai shiga jirgin kullum ya gani.

Layin farko an buɗe shi ne a 1987, kuma shi ne jirgin cikin gari irinsa na farko a nahiyar Afirka da ƙasashen Larabawa. Yau yana tashi daga Hilwan a kudu zuwa Marj a arewa, tafiyar kusan kilomita 44. Layi na 2 ya fara aiki a 1996, daga baya ya haɗa Shubra da Giza ta ƙarƙashin Kogin Nilu. Layi na 3 kuwa shi muke kira namu, domin ɓangarensa na farko da aka buɗe a 2012 daga Ataba yake zuwa Abbasiyya, unguwar da Madinatul Bu'us take, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje. Ɗalibin da a da sai ya yi kokawar rataya a ƙofar bas, yanzu yakan sayi ɗan tikitinsa, ya cusa shi a injin ƙofa, ya sauka matakala, kafin ya gama bitar shafi guda na littafinsa ya iso Babush Sha'ariyya, ya ƙarasa masallacin Azhar da ƙafa. 'Yan'uwanmu mata sun fi mu sanin darajar wannan jirgi, saboda a tsakiyar kowane jirgi akwai taragu da aka keɓe wa mata. Yarinya za ta fito daga darasi bayan magariba ta koma masaukinta ba wanda ya matse ta, ba wanda ya taɓa mata mayafi. Uban da ya turo 'yarsa karatu daga Katsina ko Maraɗi ya san abin da wannan yake nufi.

Layi na 4 da za ka gani, ɓangarensa na farko kusan kilomita 19 ne, da tashoshi 17. Zai taso daga yammacin Giza, ta wajen birnin Sitta Oktoba, ya biyo ta sabon babban gidan tarihin Masar da ke kusa da dalar Fir'auna, ya bi ƙarƙashin titin Haram mai cunkoson nan, ya haɗu da Layi na 2 a tashar Giza, ya nutsa ƙarƙashin kogi ta tsibirin Rauda, ya haɗu da Layi na 1 a Malikus Salih, sannan ya tsaya a Fusɗaɗ. Wannan suna na ƙarshe ba baƙo ba ne a tarihinmu. A Fusɗaɗ ne mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ da dukiyarsu tun ƙarni na 13, domin ɗalibai da mahajjatanmu su sami masauki. A Azhar akwai zauren da aka san shi da sunan mutanen Barno. A wannan birni kuma malamin nan na Katsina, Muhammadu al-Kashnawi, masanin ilimin lissafi, ya rasu a 1741. Kakanninmu sun zo nan a kan raƙuma neman abin da zai amfani ƙasarsu, kuma muna kallon zuwanka a kan wannan turba.

Mai girma Gwamna, idan ka isa wajen aikin, abin da za ka fara gani shinge ne da ƙura da manyan injinan ɗaga kaya. Ainihin aikin yana ƙasa, ido ba ya kai masa daga titi. Kafin a haƙa taku ɗaya sai an bi an kawar da duk abin da birni ya binne a cikinsa shekara da shekaru: bututun ruwan sha, magudanar ƙazanta, bututun gas, wayoyin lantarki da na tarho. Wannan kaɗai yakan ci watanni masu yawa, mai wucewa yana ganin kamar ba a komai. Bayan nan sai a zo kan ganuwar tasha. Giza a gaɓar Nilu take, ƙasar laka ce da yashi, ruwa yana kusa, ga dogayen gidaje cike da mutane a hagu da dama. In aka ce a buɗe rami kai tsaye, gefensa zai zabge ya ja gidajen. Don haka sai injin ya yanka siririn rami mai zurfi ƙwarai, ana haƙa ana cika shi da wani kwaɓaɓɓen yumɓu mai kauri wanda ke tokare gefen ramin kada ya rufta. Sai a ɗauko ragar rodi da aka ɗaure, mai tsawon bene hawa da yawa, injin ya ɗaga ta tsaye tana lilo, leburori na riƙe da igiya suna daidaita bakinta har ta shige. Daga nan a zura bututu zuwa gindin ramin a tura kankare, yana cikowa daga ƙasa yana koro yumɓun sama. Haka za a yi ta yi, yanki bayan yanki, har ganuwa ta kewaye tashar gaba ɗaya alhali ba a kwashe ƙasar tsakiya ba. Sai an toshe gindin don kada ruwa ya ɓullo, sannan a fara kwasar ƙasa, ana sauka hawa-hawa.

Hanyar da jirgin zai bi tsakanin tasha da tasha kuwa wani ƙaton inji ne ke haƙa ta a kwance, bakinsa mai haƙora yana juyawa yana cin ƙasa, bayansa yana jera gutsattsarin kankare da aka riga aka zuba a masana'anta, suna haɗuwa su zama zobe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ana ɗaure ta da kankare ya fahimci dabarar, sai dai wannan rijiyar a kwance take, kuma a samanta akwai motoci da masallatai da gidajen mutane. Aiki ne mai haɗari. A 2009, lokacin haƙa Layi na 3, ƙasa ta rufta a titi a yankin Babush Sha'ariyya, aiki ya tsaya, aka gyara, aka ci gaba. Yau ta wannan wurin muke wucewa kullum.

Ba za mu ɓoye maka tsadar abin ba, ranka ya daɗe, domin amana ce. Kuɗin wannan ɓangare rance ne daga Japan, ta hannun hukumarta ta JICA, wanda aka fara sa wa hannu tun 2012, kuma rance sai an biya. Tikitin da ya shekara goma yana fam ɗaya ya koma fam biyu a 2017, a 2018 aka mai da shi gwargwadon nisan tafiya, kuma tun daga nan hawa yake yi. Mu masu ɗan kuɗin guzuri muna ji a aljihunmu. Masu shaguna a titin Haram su ma suna ji a jikinsu: shinge ya tare musu ƙofa, an karkatar da motoci, mai saye ya ragu, kuma ba na wata ɗaya ko biyu ba ne. Duk shugaban da zai ɗauko irin wannan aiki, wajibi ne tun farko ya san yadda zai yi da mai shayi da mai faci da mai kanti da aikin zai taɓa abincinsu. In ba haka ba, talakan da aka yi aikin dominsa shi zai fara tsanarsa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda 'yan'uwana suka ce lalle in faɗa maka, shi ne wannan. A farkon shekarun 1980, Alƙahira da Legas kusan tare suka ɗauko maganar jirgin cikin gari, kuma dukansu da kamfanonin Faransa. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da na Legas a 1983, aka soke shi a 1985 bayan sauyin gwamnati. Mutanen Legas ba su hau jirgin cikin gari ba sai a 2023, shekara 40 bayan wancan ƙaddamarwar. Masar kuwa a 1983 ɗin nan ta kafa hukuma guda wadda aikinta ke nan, Hukumar Ramukan Ƙarƙashin Ƙasa ta Ƙasa, kuma har gobe ita ke riƙe da zanen. An yi juyin juya hali a 2011, aka sauya wa tashar Mubarak suna ta koma Shuhada, shugabanni suka zo suka wuce, kuɗin ƙasar ya faɗi ba sau ɗaya ba, amma ba a daina haƙa ba. An yi jinkiri, an saɓa lokutan da aka ɗiba, wannan gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya zo ya ce aikin na wanda ya gabace shi ne don haka a watsar.

Ribar wannan dagewa za ka gan ta gobe da idonka. Layin farko Faransawa ne suka jagoranci gininsa, Misirawa na biye suna koyo. A Layi na 4 taragu da na'urori daga Japan za su zo, amma haƙa da ginin tashoshi yana hannun kamfanonin Masar, irin su Arab Contractors da Orascom da Hassan Allam. Injiniyan da zai yi maka bayani, da mai walda, da mai tuƙa injin haƙa, 'yan ƙasa ne. Wannan ya fi burge mu a kan kyan tasha da hasken fitilunta.

Ba muna cewa ka koma gida ka fara haƙa rami ba ne, Allah ya taimake ka. Ko a nan, mafi yawan Layi na 1 a sarari yake tafiya. Tsofaffin layukan dogo biyu ne da ke shigowa birni daga kudu da arewa aka gyara, aka haɗa su da ramin da bai kai kilomita biyar ba a tsakiyar gari. Mu ma muna da irin wannan gado. Dogo ya isa Kano tun 1911, kuma har yau yana ratsa tsakiyar Kano da Zariya da Kaduna, ta cikin unguwannin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke kwana. Wanda ya taɓa maƙalewa a cikin a-daidaita-sahu tsakanin Kurna da Bata da yamma ya san garuruwanmu sun fi ƙarfin titunansu. Abin da ke hannun gwamna tun yau shi ne ya kare filin da hanya za ta bi kafin a cika shi da shaguna da filoti, ya sa a zana taswirar duk bututu da waya da ke binne a birni, ya kuma kafa aikin a kan doka da hukuma wadda za ta rayu bayan wa'adinsa. Abuja ta buɗe jirginta a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai 2024. Gina layi wani abu ne, samun masu riƙe shi kullum wani abu ne daban.

Nan ne roƙonmu ya shigo. A gida an ɗauka duk wanda ya zo Masar fiƙihu da Larabci ya zo karanta, kuma muna alfahari da wannan. To amma tun shekarun 1960 Jami'ar Azhar take da tsangayar injiniya da ta likitanci, ga kuma Jami'ar Alƙahira da ta Ainu Shams da suka yaye da yawa daga masu wannan aiki. A cikin ɗakin nan akwai yara masu kaifin lissafi, sun iya Larabci, sun san garin, sun saba da mutanensa. Muna roƙo a ware guraben tallafin karatu na injiniyan gine-gine da lantarki da harkar jirgin ƙasa, a kuma nema wa ɗalibanmu izinin zuwa koyon aiki a irin wannan tasha tun ana cikin gininta, domin in aka rufe ta aka shafe da tayil, abin koyon ya ɓuya. Shirin da ake da shi shi ne ɓangare na biyu na layin ya wuce ta Madinatu Nasr, inda harabar jami'armu take kuma da yawanmu ke haya, don haka aikin zai daɗe a kusa da mu.

Gobe idan aka miƙo maka hular kwano, muna roƙon ka sauka har hawan ƙarshe, ka kuma tafi da biyu ko uku daga cikin ɗalibanmu na kimiyya su tsaya kusa da injiniyoyinka. Sun riga sun rubuta tambayoyinsu.

Allah ya sa ka gama ziyararka lafiya, ya mai da kai gida lafiya tare da tawagarka, ya ba ka mashawarta na gari, ya zaunar da jiharmu da ƙasashenmu lafiya. A isar mana da gaisuwa wurin iyayenmu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.