Amsoshin Tambayoyinku: Shirun Sararin Samaniya da Surutun Roy McBride

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙu uku ne a gabana, kuma duka a kan fim ɗaya suke, wato Ad Astra, fim ɗin Amurka da ya fito a watan Satumbar 2019. Tun da wuri ina jan kunnen wanda bai kalla ba, zan taɓo ƙarshen labarin, domin ba yadda za a yi in amsa wasiƙa ta biyu ban taɓo shi ba.

Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu take. Ya ce abokansa sun cika masa kunne da yabon fim ɗin, ya zauna yana jiran ya ga yaƙi da halittun wata duniya, amma kafin a kai rabi barci ya yi awon gaba da shi. Ya ce don Allah a gaya masa, mene ne abin yabo a ciki?

To Malam, mun gode da wasiƙa. Ba kai kaɗai ba ne, kuma ban ga laifinka ba, don sunan fim ɗin da hoton tallansa duk sun yi alkawarin abin da ba shi ne a ciki ba. Ad Astra kalmomin Latin ne, ma'anarsu zuwa ga taurari. Amma darakta James Gray labarin uba da ɗa ya ɗauko, sai ya shimfiɗa shi a sararin samaniya. Brad Pitt ne ya fito a Roy McBride, ɗan sama jannati wanda aka sani da cewa bugun zuciyarsa bai taɓa wuce 80 a minti ɗaya ba, komai tsananin haɗari. Mahaifinsa Clifford, wanda Tommy Lee Jones ya hau, ya bar gida shekara 29 da suka wuce a wani aiki mai suna Lima, na neman halittu masu hankali a wajen duniyarmu, aka daina jin ɗuriyarsa a kusa da duniyar Neptune. Kwatsam sai ga wasu bugowar ƙarfin lantarki daga sararin samaniya suna dukan duniya suna kashe mutane, hukuma ta yi zargin daga kumbon tsohon suke fitowa, sai ta tura ɗansa zuwa duniyar Mars, ta hanyar wata, don ya aika masa saƙo daga can.

Abin yabo na farko, ka koma ka kalli inda 'yan fashi suka bi su Roy a motoci a doron wata. Ka rage hasken ɗaki, ka sa abin ji a kunne. Za ka ga sama baƙi ƙirin, ƙasa fari-fari kamar toka, ana harbi amma ba ka jin ƙarar bindiga yadda ka saba, sai wani gunji a danne da ke ratsowa ta jikin motar da rigar mutum, da numfashin Roy. Tunda babu iska a wata, sauti ba shi da abin hawa, kuma masu fim ɗin sun girmama wannan gaskiyar har suka mayar da ita abin tsoro. Akwai inda Roy ya ɗaga hannu yana taɓa ƙurar da ke shawagi, kamar yaro. Ba a banza aka sa fim ɗin cikin 'yan takarar kyautar Oscar a fannin haɗa sauti ba. Mai ɗaukar hoto Hoyte van Hoytema ya ba kowane zango launinsa: wata toka-toka, Mars ja mai duhu kamar cikin tanderu, Neptune kuwa shuɗi mai sanyi. Ko ba a gaya maka ba, idonka zai sanar da kai cewa mutumin nan ƙara nisa yake yi da 'yan Adam.

Sai kuma fuskar Brad Pitt. A Mars an shigar da shi wani ɗaki da ba ya amsa amo, aka ba shi takarda ya karanta wa mahaifinsa saƙo. Karon farko ya karanta kamar mai karanta sanarwa. Daga baya sai ya ajiye rubutun hukuma ya yi magana da bakinsa, ya tuno finafinan da suka kalla tare yana yaro. Ka dubi ƙasan idonsa a lokacin, wata 'yar tsoka ce kawai take rawa. A ganina wannan minti biyun sun fi duk wata fashewa da ke cikin fim ɗin nauyi.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah take. Ta ce ita ta kalla har ƙarshe, har ma ta zubar da hawaye, amma wani abu ya yi ta damunta: me ya sa Roy yake ta magana a zuci daga farko har ƙarshe? Ta ce ji ta yi kamar wani ya zauna kusa da ita yana fassara mata abin da take gani da idonta.

Malama, kin sa yatsa a kan gyambon. Wannan shi ne babban aibin fim ɗin, kuma yana min ciwo domin fim ne da nake ƙauna. Fim mai son a yi tunani dole ya bar wa mai kallo fili, shi kuwa wannan tsoron shirunsa yake ji. Kyamara ta nuna mana mutum shi kaɗai a cikin kumbo, gemu ya fito, yana kallon bango. Mun gane. Sai kuma murya ta biyo baya tana gaya mana cewa kaɗaici ya dame shi. Alhali labarin ya riga ya samar wa kansa hanya mai kyau ta shiga zuciyar Roy, wato gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa da yake yi wa na'ura bayani a kowane zango kafin ta amince ya ci gaba. A nan muke jin yadda ya ƙware wajen faɗin abin da ake so a ji. Da an tsaya a wannan, da ya wadatar.

Wannan rashin yarda da mai kallo shi ne ya haifi gwaggon birin da ya afka wa su Roy a wata tashar binciken 'yan Norway da ke sararin samaniya, a hanyarsu ta zuwa Mars. Wurin ya firgita ni, ban musa ba, amma kamar daga wani fim aka yanko shi aka liƙa don kada mutane su yi gyangyaɗi. Abin da ya fi tsaya min a rai kuma shi ne mutuwar ma'aikata uku na Cepheus, kumbon da aka tura daga Mars zuwa Neptune da bam ɗin nukiliya don tarwatsa kumbon Clifford, lokacin da Roy ya kutsa ciki ba da izini ba. Rayuka uku sun salwanta ta dalilinsa, labarin ya yi musu 'yar jimla ya wuce. Matan fim ɗin ma ba a yi musu adalci ba. Liv Tyler, matar Roy, kusan inuwa ce kawai. Ruth Negga kuwa, wadda ta fito a shugabar sansanin Mars, iyayenta na cikin waɗanda Clifford ya kashe lokacin da suka nemi komawa gida, amma da ta nuna wa Roy hanya sai aka manta da ita.

Duk da haka na san abin da ya sa ki hawaye. Roy ya keta duk wannan nisa, ya tarar da tsoho mai yanar ido yana gaya masa gar da gar cewa bai taɓa damuwa da shi ko da mahaifiyarsa ba. Tsohon ya yi shekaru yana tara bayanan duniyoyi masu ban mamaki, bai samu ko rai ɗaya ba, sai ya ɗauki hakan a matsayin faɗuwa. Roy ya taimaka masa ya sa riga, a hankali, kamar yadda ake yi wa mara lafiya. Da suka fito waje igiya ɗaya ta haɗa su, tsohon ya fizgi kansa zuwa cikin duhu yana roƙon a sake shi. Roy ya daɗe yana riƙe da shi kafin ya kwance ƙugiyar. Duk wanda ya taɓa bin iyayen da ba sa waiwayensa zai ji wannan a ƙirjinsa.

Wasiƙa ta uku gajera ce, daga wani ɗalibin kimiyya. Ya ce shin da gaske za a iya zuwa Neptune daga Mars a kwana 79, kamar yadda fim ɗin ya nuna?

Da fasahar da ake da ita yanzu, a'a. Neptune tana da nisan kusan kilomita biliyan 4.5 daga rana. Kumbon Voyager 2, wanda shi kaɗai ne ya taɓa ziyartarta, ya tashi a 1977, bai isa ba sai 1989, kuma ba mutum a cikinsa. Hasken rana kansa sai ya yi kimanin awa huɗu kafin ya kai can. Amma wannan na yafe wa fim ɗin, tunda ya ce labarinsa a nan gaba zai faru. Wanda na kasa haɗiyewa shi ne inda Roy ya ɓallo wani faifan ƙarfe ya yi garkuwa da shi, ya ratsa zoben duwatsu da ƙurar da ke kewaye da Neptune, sannan ya bar fashewar nukiliya ta ingiza kumbonsa zuwa gida. Fim ɗin da ya yi taka-tsantsan har ya hana bindiga ƙara a doron wata bai kamata ya rufe da wannan ba.

A nan lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.