Kafin Ka Ce Masa Ya Yi Haƙuri

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na masu hidimar ikilisiya a Katsina.

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Da Hannatu zan fara. A 1 Sama'ila sura 1, tana addu'a a Shilo, leɓunanta na motsi amma murya ba ta fita. Eli firist ya dube ta, ya ce ta bugu. Firist ne fa, ga shekaru ga hidima, amma bai gane baƙin ciki ba da ya gan shi. Ina jin tsoro mu ma haka muke yi.

Wata uwa daga wani ƙauyen kudancin jihar nan ta zo wurina bayan an biya kuɗin fansa an sako ɗanta. Kowa na ta yi mata barka. Ita kuwa ba ta barci, ƙarar babur kaɗai sai gabanta ya faɗi. Ta zauna bakin tabarma tana murɗa gefen zanenta, ta ce, "Baba, addu'a ta ƙi fitowa." Na yi kuskure ranar, na ce ta yi haƙuri ta gode wa Allah. Ta ce to, ta tashi. Wata biyu ban sake ganinta ba.

Da ta dawo, na buɗe mata Zabura 13. Sau huɗu mai zabura ya tambayi Ubangiji, har yaushe? Na ce ta bi ni baki da baki. A na uku kuka ya ƙwace mata, na yi shiru na bar ta. Daga ranar bakinta ya buɗe, ta fara ba da labarin daren da aka shigo gidansu. Firgicin da mutum ya haɗiye, jiki ne ke ɗaukarsa: ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin cin abinci. Idan ya faɗe shi gaban Allah, ga wani kuma zaune yana saurare bai tsawata masa ba, numfashinsa kan daidaita. Zabura 88 ma cikin duhu ta ƙare, kuma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, ba a cire ta ba.

Ignatius na Loyola, wani firist na Katolika, a littafin horon ruhaniyarsa na 1548, ya koyar da bitar yini cikin addu'a. Nakan ba mutane wannan kafin su kwanta: a ina ka sami sauƙi yau, a ina zuciyarka ta yi nauyi? Bayan mako biyu mu zauna mu duba tare.

Wani ya tambaya ɗazu ko zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Ku duba 1 Sarakuna 19. Iliya ya roƙi mutuwa, mala'ika ya ba shi abinci da ruwa, ya sake kwanciya, kafin Allah ya yi masa magana a Horeb. Wanda ya kwana bakwai bai runtsa ba, ko yake zancen kashe kansa, ku raka shi wurin likita da ƙafarku. Ita uwar nan ni na kai ta, muka yi addu'a a kan benci muna jiran a kira katinta.