Kumburin ƙafa bayan aiki: me tausa take yi wa ƙafa da ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka.

Na tabbata a ɗakin nan akwai wanda in ya cire safa da yamma zai tarar ta zana masa layi a idon sawu. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu aski, teloli, direbobin doguwar tafiya, duk kun san wannan nauyin. Ruwa ba ya tsami banza, to bari mu fara da dalili.

Zuciya tana tura jini ya sauka ƙafa cikin sauƙi. Komowarsa sama ce aiki. Naman sha-raɓa ne yake matse jijiyoyin jini duk takun da ka yi, ya tura jinin sama, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyoyin kuma su hana shi komawa ƙasa. Shi ya sa likitoci suke kiran sha-raɓa zuciya ta biyu. In ka tsaya cak, ko ka zauna awanni ba motsi, famfon nan ya tsaya. In kana tsaye cak, matsin jini a jijiyoyin idon sawu yakan kai wajen 90 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, amma da ka fara tafiya sai ya faɗo ƙasa da 30. Wannan matsin ne yake tatso ruwa daga ƙananan jijiyoyi ya taru a ƙarƙashin fata.

Yanzu ga inda mutane suke kuskure. Wai sai an danna da ƙarfi har mutum ya yi ƙara, sannan tausa ta yi amfani. A'a. Hanyoyin da suke kwashe ruwan nan, waɗanda ake kira limf, sirara ne ƙwarai, kuma da yawansu dab da fata suke. Ka danna da ƙarfi, ka toshe su. Emil Vodder, mutumin Denmark da ya fito da irin wannan tausar a shekarun 1930, shafa mai sauƙi ya koyar, wadda take ɗan jan fata kawai. Ka ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirjinka tsawo, ka fara shafa cinya da bayan gwiwa don hanya ta buɗe, sannan ka sauko sha-raɓa da idon sawu. Hannu kullum sama yake nufa. Minti 10 zuwa 15 ya isa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, sanyin hannun nan da ƙafa take so, shi ƙwaƙwalwa ma take so. A fatarmu mai gashi akwai wasu jijiyoyin saƙo da suka fi amsa shafa a hankali, kamar santimita 3 a daƙiƙa, da ɗumin hannun mutum. Saƙonsu yana zuwa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna insula, wanda yake kula da yadda mutum yake jin jikinsa da ransa. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya daidaita, kafaɗu su sauka. Kun ga dalilin da ake fara yi wa mutum tausa yana surutu, kafin a gama ya ɓingire da barci. Amma kada wani ya fita daga nan ya ce na ce tausa tana warkar da ciwon damuwa. Sauƙin fargaba da gajiyar rai ne na ɗan lokaci, kuma in gobe ka koma ka tsaya awa takwas ba motsi, kumburin zai dawo. Ka riƙa ɗage diddige kana sauke shi a wurin aiki, ka ɗan zagaya, in da hali ka sa safa mai matse ƙafa.

Akwai ƙafar da ba a taɓawa. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, da zafi da ciwo a sha-raɓa, wataƙila jini ne ya daskare a jijiya. Ka matsa shi, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, ana mutuwa da wannan. In kumburin bai sacewa da safe, ko ya zo da haki, a duba zuciya da ƙoda da hanta. Mai juna biyu da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, ga ciwon kai, asibiti za ta wuce a ranar.

Akwai mai tambaya? Malama, na ga hannunki a baya can.