Abin da Talabijin ke Nuna Mana Game da Ƙwaƙwalwar Matasa

Iyaye da malamai, assalamu alaikum.

Da yawanku kun taɓa kallon shirin talabijin da ake hasko hoton ƙwaƙwalwar matashi mai launuka, mai gabatarwa ya ce ga tushen ganganci da taurin kan 'ya'yanmu. Irin waɗannan shirye-shirye sun yawaita ne bayan binciken Dakta Jay Giedd na Amurka, wanda ya riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara da na'urar MRI yayin da suke girma, ya kuma wallafa sakamako a 1999. A 2002 tashar talabijin ta PBS da ke Amurka ta yi shiri guda a kan batun. Abin da suka nuna gaskiya ne: sashen da ke bayan goshi, mai kula da tsara al'amura da danne son zuciya, yana ci gaba da ginuwa har bayan shekara 20, alhali sassan da ke kwaɗayin daɗi da yabo sun riga sun farka tun lokacin balaga.

Inda nake da damuwa shi ne yadda mai kallo ke tashi da tunanin cewa yaronsa ba ya iya hankali. Launukan nan da kuke gani lissafin kwamfuta ne, sau da yawa daga tarin mutane, don haka ba hoton ɗan kowa ba ne.

Binciken da na fi son ku riƙe shi ne wanda masu binciken halayyar ɗan Adam, Margo Gardner da Laurence Steinberg, suka wallafa a 2005. Sun sa matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu a gaban abokansu. Da abokai suka zuba ido, gangancin matasa ya ƙaru ƙwarai, na manya kuwa bai sauya sosai ba. Ashe yaron ya san haɗari sarai. Idon tsara ne ke rinjayar sa, kuma wannan abu ne da iyaye za su iya sa wa ido.

Haka batun barci. Farfesa Mary Carskadon ta nuna cewa da balaga, sinadarin melatonin mai kawo barci kan jinkirta fitowa da dare, alhali matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10. Saboda haka ne a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada makarantun sakandare su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe.