Amsoshin Tambayoyinku: Tsibirin Sao Tome da ruwan da ke jan mutum

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun da muka taɓo zancen tsibirin Sao Tome a shirin da ya gabata saƙonni ke ta shigowa, lokaci kuwa ba ya jira. Yau muna tare da wani malamin koyar da iyo da ya yi aikin ceto a bakin teku. Malam sannu da zuwa.

Baƙo: Yawwa, sannunku dai.

Mai gabatarwa: Wani daga Funtuwa ya ce wai Sao Tome a Turai take? Haba Malam, ai maƙwabciyarmu ce, a mashigin tekun Gini take, yamma da Gabon. Manyan tsibiranta biyu, Sao Tome da Principe, ta samu 'yanci daga Fotugal a 1975, yaren Fotugal suke yi, kuɗinsu dobra. Hajiya daga Maraɗi kuma ta ce yaushe ya fi kyau a je? Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwan sama ke ɗaukewa, su suna kiransa gravana.

To ga wadda ta fi yawa, daga Yawuri, daga Lokoja, har daga Garwa, duk magana ɗaya, kan ruwan da ke jan mutum a bakin teku. Na Yawuri ya ce: "Ni a kogin Kwara na tashi, tun ina yaro nake iyo, me teku zai min?" Malam, bismillah.

Baƙo: Allah ya kiyaye, ai irinsu ne suka fi ba mu tsoro wallahi. Wanda bai iya ba yana tsayawa iya gwiwa, gwanin ne ke kutsawa ciki. Ka ga ruwan kogi hanya ɗaya yake bi, ka san inda ya dosa. Teku kuma ruwan gishiri ne, yana ma ɗaga mutum sama, to sai ka ji jikinka sakayau ka ɗauka ka fi ƙarfinsa. Ni ɗaliban da nake koya wa, abu na farko ma numfashi ne, don yawancin mutanenmu da kai a sama suke iyo, wuya ya gaji, ga shi wasu da sun ci sun ƙoshi sai su faɗa ruwa...

Mai gabatarwa: Malam a dawo kan ruwan nan mai ja, shi suke son ji.

Baƙo: Yawwa. Igiyar ruwa tana turo ruwa bakin gaɓa, to dole ruwan nan ya koma, sai ya samu wata 'yar kafa tsakanin tudun yashi ya bi da gudu zuwa ciki. Gudunsa wani lokaci yakan wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya, ko zakaran iyo na duniya ba zai iya gaba da shi ba. Abin da ke yaudarar mutane kuma, wurin shi ya fi kama da lafiya. Hagu da dama igiya na fashewa fari fat, tsakiya kuma lumui, ruwan ya ɗan yi duhu, in ka lura za ka ga kumfa ko ɗan ganye yana tafiya ciki maimakon ya fito. Baƙo sai ya ce bari in shiga nan da babu hayaniya. Nan ne bakin ramin.

Mai gabatarwa: To in ya riga ya ɗauke ka fa?

Baƙo: Kar ka yi kokawa da shi. Ba ƙasa yake danna mutum ba, nesa yake kai shi, gajiya da firgici ne ke kisa. Ka kwanta rigingine ka huta, ka ɗaga hannu ɗaya ka yi ihu, in da ƙarfinka ka yi iyo a gicciye, wato ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga cikinsa, sannan igiya ta taimaka maka ka fito.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda na Yawuri da 'yan uwansa. Kar ka nufo gaɓa kai tsaye. Rigingine, hannu sama, sannan gefe. Gefe, ba gaba ba. Kuma don Allah in ɗan uwanka ne ruwa ya ja, kar ka yi tsalle ka bi shi hannu rabbana, jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce, ka kira masunta. Wannan ya fi muhimmanci a kudancin tsibirin, irin su bakin ruwan Praia Jale inda kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai, wuri ne da babu jama'a sosai, asibitin kirki kuma sai babban birni can arewa. Ni a ganina duk bakin ruwan da ka je, fara gaida masunta ka tambaye su ina ake shiga.

Wata ɗaliba daga Zariya ta ce tana son koyon zamiya da allo a kan igiyar ruwa amma ba ta iya iyo ba. 'Yar nan, garaje ke nan! Iyo tukuna. In kin iya, a Santana da ke gabashin tsibirin akwai matasan gari da ke wannan wasa.

Baƙo: Kuma igiyar allon nan a ɗaure ta a ƙafa, ko an faɗi allon na kusa.

Mai gabatarwa: Alhaji daga Kumasi na tambayar hawan dutse. Pico de Sao Tome mita 2,024 ne, a cikin kurmin Obo, yawanci kwana biyu ake yi, ga taɓo ga santsi, kuma akwai baƙar gamsheƙa a dajin, saboda haka ɗan jagora da takalmi mai rufi dole ne, silifas a bar shi a masauki. Shi kuwa dutsen Cao Grande mai mita 663 da ya miƙe kamar taɓarya, kallo ya ishe ka daga hanyar garin Porto Alegre da ke kudu. Daga can kudun ne ake shiga kwalekwale zuwa ɗan tsibirin Rolas, inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa.

Mai tambayar abincin halal, kifi ya wadata, ga ayaba ga kwakwa, amma ka tambaya kafin ka ci nama don ana kiwon alade. A tafi da katin rigakafin shawara da maganin sauro. Injiniya na ta ɗaga min hannu, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam mun gode.

Baƙo: Ni ne da godiya.