Masu Farautar Magada: Yadda Ake Neman Dangin Mamaci a Ingila

A ce wani dattijo ne ya rasu a gidansa a wata unguwa ta Landan. Maƙwabta sun san fuskarsa, sun san lokacin da yake fita sayen madara, amma babu wanda ya taɓa ganin baƙo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Bai bar wasiyya ba. Ƙaramar hukuma ce ta yi masa jana'iza. Ga gida, ga kuɗi a banki. To, wa zai ci gadonsa?

A kan wannan tambayar aka gina shirin talabijin mai suna Heir Hunters, wato masu farautar magada, wanda tashar BBC One ta fara nunawa a 2007. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Kyamara ce ke bin ma'aikatan kamfanonin binciken nasaba, irin su Fraser and Fraser da Celtic Research da Finders, suna neman dangin mutanen da suka mutu ba a san kowa nasu ba.

A Ingila da Wales, idan mutum ya mutu babu wasiyya kuma babu sanannen magaji, ana miƙa batun dukiyarsa ga wani sashe na lauyoyin gwamnati mai suna Bona Vacantia. Kalmar Latin ce, ma'anarta dukiyar da ba ta da mai ita. Sashen yakan fitar da jerin sunayen mamatan, da ranar rasuwa da inda aka rasu. A shekarun farko na shirin ranar Alhamis ake fitar da shi, shi ya sa za ka ga tun da asuba ofis ya cika, wayoyi na ta ƙara, an tura ma'aikata a mota sun nufi gari-gari tun kafin a san ƙofar da za su buga. Kowane kamfani so yake ya riga ɗan'uwansa isa wurin magaji, domin wanda ya fara samun sa hannu shi ke da rabo.

Amma ba kowane ɗan'uwa ke gado ba. Dokar da ta tsara wannan ta samo asali ne tun 1925, kuma hawa-hawa ta jera magada. Miji ko mata, sai 'ya'ya da jikoki. In babu, iyaye. In babu, shaƙiƙai ko zuriyarsu, sannan waɗanda aka haɗa uwa kawai ko uba kawai. Daga nan kakanni, sai baffanni da gwaggwanni da kawunnai da innoni, ko 'ya'yansu idan su sun rasu. A nan aka rufe ƙofa. Wanda kuka haɗu a kakan kaka ba shi da ko sisi. Matar da suka yi shekara 30 tare ba tare da ɗaurin aure ba, ba ta cikin jerin. Agolan da ya yi jinyarsa shi ma haka. Idan an rasa kowa, dukiya ta zama ta masarauta, a aikace kuma baitulmalin gwamnati take shiga, in ban da yankunan Lancaster da Cornwall inda take komawa asusun sarki ko na yarima mai jiran gado. Wanda ya yi karatun gado a makarantar zaure ba zai ji abin baƙo ba, domin a fiƙihunmu ma baitulmali ne magajin wanda ba shi da magaji.

To ta yaya ake gano mutanen? Takarda ce ke kai su ga takarda. Tun 1 ga Yuli 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Mai bincike zai fara da takardar mutuwa, ya ciro ranar haihuwa. Takardar haihuwa ta ba shi sunan uba da na uwa. Ya nemo takardar aurensu, ita kuma ta ba shi sunayen kakanni maza biyu. Akwai wani ɗan abu da ke sauƙaƙa aikin ƙwarai. Matan Ingila kan ɗauki sunan miji bayan aure, amma daga 1911 aka fara rubuta sunan gidan su uwa a kundin haihuwa. Saboda haka idan ka haɗa sunan uba da sunan gidan su uwa, sai ka ga 'ya'yansu sun fito a jere, wannan bayan wannan. Idan kuwa sunan irin Smith ne ko Jones, ranar mai bincike ya shiga uku, domin a gari ɗaya ma suna da ɗimbin yawa.

Akwai kuma takardun ƙidaya, masu nuna wa da wa suka kwana a gida ɗaya a daren ƙidaya. Sai dai a nan akwai giɓi. Takardun ƙidayar 1931 sun ƙone a gobara a 1942, ba a kuma yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙin duniya na biyu. Rajistar da aka yi a 1939, farkon yaƙin, ita ake cike giɓin da ita.

Wurin da ya fi taɓa ni a shirin shi ne bakin ƙofa. Mai bincike ya tsaya da jakarsa, wata tsohuwa ta buɗe, ya tambaye ta sunan mahaifinta. Suka zauna a falo, ya baje takardar nasaba a kan tebur har tana zubowa ƙasa, ya ɗora yatsa a kan wani suna. Sau da yawa ba batun kuɗi ne ke fara fita daga bakin magaji ba. Tambaya ake yi: a ina ya zauna duk shekarun nan, shi kaɗai ya mutu, akwai hotonsa? Wani sai a ranar yake jin cewa babansa yana da ƙane. Wata kuma ta tarar mamacin tafiyar minti kaɗan ne daga gidanta. Yaƙi, ƙaura, rabuwar aure, faɗan da aka manta mafarinsa, su suka raba su. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma a nan ƙafar da ta zo ta baƙo ce mai takardar yarjejeniya a hannu.

Takardar nan ita ce cinikin. Magaji ya sa hannu cewa kamfani zai yanki wani kaso daga rabonsa. Aikin yana da wahala, kuma kamfani kan yi asara idan daga baya wasiyya ta ɓullo ko dukiyar ta zama ba ta taka kara ta karya ba, don haka ladan halal ne a ganina. Abin da ba na so shi ne a matsa wa tsoho ya sa hannu yana cikin ruɗani. Babu dokar da ta tilasta bi ta hannun kamfani. Magaji na iya kai hujjojinsa ga gwamnati da kansa, ba a karɓar kuɗi a kan haka.

Jerin sunayen mamatan ya kuma jawo ɓarayi. A watan Yulin 2025 aka sauke shi daga intanet na wani lokaci, bayan binciken BBC ya nuna yadda wasu ke tsintar sunaye a ciki suna ƙirƙiro wasiyyar bogi don su wawure gidajen mamata.

Abin ya shafe mu ta wata fuska. A cikin jerin akwai mutanen da aka haifa a Najeriya da Ghana, waɗanda suka tafi karatu ko neman abinci, aka daina jin ɗuriyarsu. Idan da irinsu a gidanku, a kula da abu biyu. Saƙon da ya ce ka ci gadon miliyoyi amma ka fara tura kuɗi, damfara ce. Kamfanin gaskiya daga cikin gadon yake cire kasonsa. Na biyu, a tanadi takardun haihuwa da na aure da duk abin da ke nuna dangantaka, domin da su kaɗai ake karɓar da'awa. A cikin shekara 12 daga ranar da aka kammala lissafin dukiyar, ana biyan magaji har da kuɗin ruwa. Bayan nan ana iya biyan uwar kuɗin kawai, har zuwa shekara 30 daga ranar rasuwa.