Amsoshin Tambayoyinku: Bakin Diril Ya Dakushe, A Yar Ko A Wasa?

Mai gabatarwa: Jama'a lokaci na hararar mu, sai mu hanzarta. Wata baiwar Allah daga Damagaram tana son diril, wato injin huda, na rataye labule da haɗa kantar ajiye kaya. Hajiya, mai batir mai ƙarfin volt 12 ya wadatar, kuma ba ruwanki da ɗauke wuta. Wani daga Gusau ya ce nasa ya ƙi cin kankare. Malam, sai mai duka, wanda ake ce wa hama, da bakin huda bulo. Na katako ka saka, ko? Ai ka zalunce shi!

To ga wadda wasiƙu suka fi yawa a kanta: baki ya dakushe, a yar ko a wasa? Baba, bismilla.

Baƙo: Ai ɗana, lokacin da muke koyon aiki a Ƙofar Ruwa, yaro ya yar da baki ranar ba kuɗin abinci. Yaran yanzu kuwa...

Mai gabatarwa: Baba, wasawar dai.

Baƙo: Ina zuwa. Zafi ne ke kashe shi. Ka ɗora a dutsen giranda, wato injin wasa ƙarfe, ka ɗan taɓa, ka tsoma a ruwa, ka sake taɓawa. In ka ga tsinin ya yi shuɗi, ka ƙona shi, ya yi laushi, sai ka cinye wurin ka soma sabo. Tsinin da aka saba digiri 118 ne. Kuma leɓɓan nan biyu, wato gefunan tsinin masu yanka, su zo daidai. In ɗaya ya fi tsawo, ramin zai fi bakin faɗi. Bayan kaifin kuma ya ɗan kwanta, in ba haka ba gurza zai yi ta yi, ba yanka ba.

Mai gabatarwa: A maimaita: a taɓa, a tsoma a ruwa, leɓɓa biyu daidai. Kada a bari ya yi shuɗi.

Baƙo: In ƙarfe za ka huda, rage gudu, ka ɗiga mai. Ko baƙin mai ne ya fi babu.

Mai gabatarwa: Ni dai ƙanana, masu milimita 2 ko 3, ba na wahalar da idona, sabo nake saye. Kuma don Allah a sa tabarau kafin a kunna giranda. Mai tambaya kan tsatsa daga Kumasi, goge bakin diril ɗin da mai ka adana a gwangwani mai murfi. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.